An ba ɗana littafin labari ya karanta a dogon hutu ya ƙi taɓawa, ya zan yi da shi?

Wata uwa ce daga unguwar Rikkos a Jos ta turo tambaya, ga ta a gajarce. Ɗanta ya gama JSS 1 zai shiga JSS 2, makarantarsu ta ba su Chike and the River su karanta a dogon hutun nan, su kawo rubutu shafi biyu a kai ranar komawa. Tun da aka yi hutu littafin yana cikin jaka, in ta yi magana ya ce ai ya karanta, ita kuma ta san bai ko buɗe ba. Ta ce Turancinta bai yi ƙarfin da za ta zauna ta koya masa ba. Shin ta sa shi lesin ne, ko ta saya masa ɗan littafin nan na taƙaitawa da ake sayarwa, kuma wai ma me ake so yaro ya tsinta a labarin wani yaro can a Onitsha?

Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana su ya shirya. Ni aikina kenan, Turanci nake koyarwa a ƙaramar sakandare nan Jos kuma littafin nan na sha koyar da shi, don haka bari in gaya miki kai tsaye, kar ki kashe kuɗinki a kan taƙaitawa. Lesin kuma in don lissafi za ki sa shi toh ba laifi, amma wannan littafin kam ba sai da lesin ba. Bai kai shafi ɗari ba fa, babi-babinsa gajeru ne, Chinua Achebe don yara ya rubuta shi ya fito a 1966, kuma da gangan ya sassauta Turancin. Abin da ɗanki ya rasa shi ne wanda zai riƙa ce masa "toh sai me ya faru?" kuma wannan ke kin fi kowane tican lesin iyawa ko da kalma ɗaya ba kya ji a Turanci.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe tunda ita ce tushen abin. Irin waɗannan littattafan gida guda ne a adabi, labarin tasowar yaro, a ɗauko yaro ko yarinya da ƙuruciyarsa a bi shi har ya fara hankali. Yawanci za ki ga ya bar gida, akwai abin da ya ƙwallafa rai a kai, akwai abokan da ke jansa nan da can, akwai babban da ya cuce shi da wanda ya riƙe hannunsa, daga baya ki ga yaron da ya fita ba shi ne ya dawo ba. Masana suna kai asalin abin Jamus, wani littafin Goethe da ya fito tsakanin 1795 da 1796, amma mu ma ba baƙonmu bane. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubutun da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, ai shi ne wannan ɗin, an sace yaro an raba shi da uwarsa, ya tsallake sahara a hannun wani Balarabe, ya tashi can ya zama malami. Makarantu na son ba 'yan JSS irin wannan ne saboda shekarun sun zo daidai. Chike shekararsa 11, naki ma ina jin 11 ne ko 12, murya ta kusa buɗewa, ya fara jin shi ma wani ne, ya fara jin haushi in an aike shi a gaban abokansa. Yaro a wannan shekarun ba zai zauna ya zayyana miki abin da ke ransa ba ko kin yi ta tambaya. Amma zai gaya miki abin da ke ran Chike, kuma in kin kasa kunne za ki ji nasa a ciki. Ni a wurina wannan ne amfanin littafin na gaske, makin da za mu ba shi a makaranta ƙari ne.

Batun me ya sa sai a hutu kuwa, wallahi ba mugunta bace ta malamai. Yaro in ya yi sati shida ko bakwai bai haɗa ido da rubutu ba karatunsa baya yake yi. Wata mai bincike Barbara Heyns ta bi yaran aji shida da bakwai a birnin Atlanta na Amurka, wato sa'annin ɗanki kenan, littafinta ya fito a 1978, ta gano a duk abubuwan da yara ke yi a hutu karatun littafi ne ya fi alaƙa da cigabansu, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka duka. A 1996 kuma Harris Cooper da abokan aikinsa suka tattara bincike 39 suka ga a matsakaici yaro na asarar kusan karatun wata guda a dogon hutu, kuma 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi sun fi ji a jika ta fannin karatu. Hutun can ya fi namu tsawo gaskiya, amma mu ma satin farko na Satumba muna gani da idonmu, yaron da ya tafi yana karatu tiryan-tiryan ya dawo yana bin layi da yatsa. Sai dai akwai wani abu da ya shafe ki kai tsaye, James Kim na jami'ar Harvard ya gwada a ba yara littafi kawai a ce su je su karanta, da kuma a ba su littafin a haɗa da babba a gida da zai saurari karatunsu su tattauna, na biyun ne ya yi tasiri. Miƙa littafi kawai ba ya wadatarwa, kuma abin da makarantu da yawa ke yi kenan, ciki har da ta ɗanki da alama.

Kafin ki kira shi malalaci ki fara gwada abu ɗaya. Yara da yawa da ke cewa "na karanta" ba lalaci bane, kunya ce, karatun ne ke musu wuya ba sa so a gane. Ki ce ya buɗe tsakiyar littafin ko ina ne, ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi, duk kalmar da ta gagare shi ko bai san ma'anarta ba ya naɗe yatsa ɗaya. In ya gama shafin yatsa ɗaya ko biyu ya naɗe toh lafiya lau, ƙyuya ce kawai. In yatsun hannu sun ƙare kafin shafin ya ƙare, littafin ya fi ƙarfinsa shi kaɗai. Masu binciken koyon harshe irin su Paul Nation sun nuna mutum na buƙatar sanin kusan kalma 98 cikin 100 kafin ya karanta labari ba tare da taimako ba ya kuma ji daɗinsa. Ke ba sai kin san kalmomin ba, kunnenki zai gaya miki, mai in'ina a karatu ba ya ɓuya. In haka ne ki nemi yayansa ko wata 'yar maƙwabta da ke SS su riƙa karɓa-karɓa, ta karanta sakin layi ya karanta na gaba, kuma ranar komawa ki je da kanki ki faɗa wa malamin Turancinsa, don wannan matsalar ta wuce littafi ɗaya, a JSS 2 ake tarar ta ba a JSS 3 ana gab da jarrabawar BECE ba.

Toh a ce dai ƙyuyar ce. Agusta a Jos kin san halinta, ruwa ya wuni yana zuba ga sanyi, ƙwallo ba ta yiwuwa, yara na ɗaki suna faɗa kan rimot ko NEPA ta ɗauke kowa ya yi jugum. Lokaci kam akwai shi. Babi ɗaya a rana ya isa, minti 15 zuwa 20, ki tsayar da lokaci guda da bai ci karo da islamiyya ko hadda ba, in kuma yana bin babansa shago toh bayan Magariba. Kar ki ce ya shiga ɗaki ya karanta, barci zai yi ko ya ɓoye waya a tsakiyar littafin. Ki jawo shi inda kike. Kina kicin kina fere dankali, shi yana kan kujera 'yar tsugunno a bakin ƙofa, ya karanta babin da ƙarfi, in ya gama ya rufe littafin ya ba ki labarin da Hausa. Wannan rufe littafin da ba da labari da Hausa shi ne gwajin da ya fi duk wanda nake yi a aji. Yaro na iya haddace jimlar Turanci ya maimaita miki kamar ya gane, amma abin da bai gane ba ba zai iya juya shi zuwa Hausa ba, nan take za ki ji ya fara "wai shi ne... wai dai kawai ya tafi". Sai ki ce ban gane ba, ina ya tafi, koma ka duba min. Rashin Turancin naki ma a nan riba ce, don da gaske ba ki san labarin ba, shi kuma ya san da gaske kike tambaya ba tarko kike ɗana masa ba. Yara suna son su zama su ne suka sani babba bai sani ba. Wayarki ma ki ajiye a wannan mintocin, in kina danne-danne kina "uhm, uhm" kwana biyu zai daina.

Labarin kansa ga yadda yake don ki san inda aka dosa. Chike maraya ne, babansa ya rasu, yana ƙauyen Umuofia da mahaifiyarsa sai aka kai shi Onitsha wurin kawunsa ya yi makaranta. Can ya ji yara na ta labarin tsallaka kogin Neja a jirgin fito zuwa Asaba, shi ma ya sa rai, ga shi kuɗin jirgi sisi ne zuwa sisi dawowa, shi kuma ko kwabo ba shi da shi. Ana kuma cikin gina gada, in an gama jirgin fiton zai daina aiki, don haka lokaci na ƙure masa. Gadar nan gaskiya ce, ita ce ta Onitsha da aka gama a 1965, yanzu ma an yi ta biyu a kusa da ita an buɗe a 2023, ki sa a nuna masa hotonta a waya. Sisi da sule kuma ɗan yanzu bai san su ba tunda naira ta zo a 1973, in kakarsa na kusa ki tura shi ya tambaye ta me sisi ke saya a zamaninsu, za ki ga hira ta ɓarke ta awa guda, kuma duk cikin karatun ne.

Yanzu tambayoyin da za ki riƙa yi, nan ne iyaye ke ɓata abin. Kar ki taɓa ce masa "me ka koya a wannan babin?" Amsar a aljihunsa take tun firamare, a yi biyayya ga iyaye, a guji abokan banza, gaskiya dokin ƙarfe, ya faɗa ya tashi ya tafi, bai yi tunanin komai ba. Ki yi masa tambayar da sai ya zaɓi gefe. Akwai wurin da Chike ya samu ɗan kuɗi ya ɗauka ya kai wa wani mai cewa yana ninka kuɗi, mutumin ya yi masa surkulle ya cinye. In ya zo wurin ki ajiye wuƙar ki kalle shi ki ce, kai tsakani da Allah da kai ne za ka ba shi? Zai ce haba Mama ni? Ki ce toh shi Chike wawa ne? Zai ce a'a ba wawa bane. Toh me ya kai shi? A nan za ki ga ya yi shiru yana juya abin, daga baya ya ce ai ya matsu ne, ko ya ce abokinsa ne ya zuga shi, ko ya ce ai ba wanda zai iya roƙo. Kowacce ya faɗa kin samu ƙofa. Yaran yanzu ma sun san irin wannan damfarar fiye da yadda muke zato, suna ganin saƙon "turo dubu biyu ka samu dubu goma" a WhatsApp ɗin manya, wani ma zai ba ki labarin ɗan ajinsu da aka yi wa. Haka abokinsa Samuel, yaro mai baki da son nuna ya waye, ki tambaye shi abokin kirki ne ko a'a, kar ki yarda da eh ko a'a, ya kawo abin da Samuel ɗin ya yi. Ki tambaye shi me ya hana Chike gaya wa kawunsa abin da yake so. Wannan tambayar ki saurari amsarta da kyau don ba kawun Chike kaɗai yake nufi ba.

Sannan don Allah Hajiya ki danne wa'azin. Na san da wuya, mu iyaye mata bakinmu ƙaiƙayi yake. Yana cewa abokin ya zuga shi ke kuma ki ce "ka ga abin da nake gaya maka kenan kan yaron nan na bayan layi", shikenan kin kashe hirar, gobe zai karanta babin ya ba ki labarin a bushe ya cire duk abin da zai jawo masa faɗa. Ki bar Chike ya ɗauki laifinsa shi kaɗai. Ɗanki ba daƙiƙi bane, shi da kansa zai haɗa abin da rayuwarsa, wataƙila ba ranar ba, kuma ba lallai ya gaya miki ba. In akwai maraici a gidan ko rabuwar aure ki bi babin farko a hankali, wani yaron nan ne zai ce littafin ba daɗi, alhali taɓa shi ya yi.

Akwai wuri ɗaya da nake so ki jira shi. Bayan duk wahalar nan Chike ya wanke motoci a bakin kogi ya samu kuɗin, ya hau jirgin, ya isa Asaba, sai ya ga garin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Ga dare ya yi, jirgin ƙarshe ya tafi ya bar shi, ya rasa wurin kwana ya shige cikin wata babbar mota ya ɓuya, ashe ta ɓarayi ce. Daga nan labarin ya zama na kama ɓarayi, Chike ya taimaka aka gane su, aka yabe shi aka ɗauki nauyin karatunsa. Kusan duk yaran da na koyar wannan ƙarshen suke rubutawa, jarumta da gaskiya da sakamako. Ba laifi, amma ni a ganina nan ne littafin ya fi rauni, Achebe ya lallashi yara ne da kyauta don su rufe littafin da murna. Girman da Chike ya yi ba a kama ɓarayi yake ba, a wannan tsayuwar da ya yi a Asaba yake, ya samu abin da ya daɗe yana mafarki ya ga ashe iyakarsa kenan, ga shi shi kaɗai ba uwa ba kawu, kuma ƙafarsa ce ta kawo shi. Duk yaron da ya hango wannan ya rubuta min ko da Turancinsa ya karye ni maki mai kyau nake ba shi. Ki tambayi naki ko ya taɓa matsa wa ransa kan wani abu ya samu ya ji ba daɗi. Mu a Jos ba mu da babban kogin da za a tsallaka, amma kowane yaro na da Asabarsa, wani ya hau keke shi kaɗai zuwa Terminus ne, wani Abuja ce da yake jin 'yan ajinsu na labari, wani wayar kansa.

Kin ce me ya haɗa ɗanki da yaron Onitsha. Ai Hajiya mu da ke Jos bai kamata mu yi wannan tambayar ba, ɗanki benci ɗaya yake zama da ɗan Birom da ɗan Afizere da Bayarabe da ɗan Ibo, kuma mun san abin da rashin sanin juna ya jawo wa garin nan tun 2001. Ya kwana biyu a cikin kan wani yaro Kirista ɗan Ibo yana jin tsoronsa da kwaɗayinsa ya ga irin nasa ne, wannan ba ƙaramin abu bane kuma ba ya taɓa masa addini da komai. Shi kansa Achebe abin da ya tura shi rubuta wa yara shi ne littattafan da ya ga 'yarsa na karantawa a makaranta a Legas, na Turawa ne da ba sa nuna baƙar fata da mutunci, ya ga gara yaranmu su ga kansu a littafi. Littafin nan kuma tsaf yake, ba batsa ba komai, hankalinki ya kwanta.

Sai rubutun shafi biyun. Ki saya masa ƙaramin littafin rubutu, kullum in ya gama ba ki labari ya rubuta layi uku ko huɗu da Turanci, abin da Chike ya yi yau da kuma yadda shi yake ganin abin, ya sa lambar shafi a gefe. Kalmomin da suka gagare shi ya jera su a bayan littafin amma kar ya tsaya duba ƙamus a tsakiyar karatu, yana kashe daɗin labari, ya bari sai ya gama babin ya duba biyu ko uku da suka fi tsaya masa. Satin ƙarshe na hutu rubutun ya riga ya haɗu, tsarawa kawai zai yi. Ya fara da wane irin yaro ne Chike ranar da ya bar ƙauye, ya ƙare da wane iri ne a ƙarshen littafin, tsakiya kuma ya kawo abu biyu ko uku da suka canza shi da hujjarsu daga littafin, ya kuma faɗi ra'ayinsa ko da ya saɓa wa na malami. Abin da muke kira jigo da tauraro da wuri da lokacin labari, waɗanda za a tambaye shi a jarrabawa har BECE, duk suna cikin wannan, sunayen ne kawai za mu ɗora masa a aji. Kuskuren nahawu ki bar masa kayansa, aikinmu ne mu gyara, kar yayansa ya karɓa ya rubuta masa.

Taƙaitawar da kika ce, da 'yar uwarta ta zamani wato ya ɗauki wayarki ya ce wa ChatGPT ya rubuta masa, duk tafiyarsu ɗaya, an tauna rake ne an miƙo masa tuƙa. Kuma muna ganewa fa. In yara goma suka kawo min jimla iri ɗaya, ko yaron da ban taɓa jin ya haɗa jimla mai tsawo ba ya kawo Turancin farfesa, tambaya ɗaya nake yi, da me Chike ya samu kuɗin jirgi, sai ki ga ido ya raina fata. Na'urar ma wani lokacin ƙirƙiro abin da babu a littafin take yi ta faɗe shi da ƙarfin gwiwa, yaro ya kwafa bai sani ba. In ya gama karanta littafin da kansa ya ce yana so ya duba taƙaitawa don shirin jarrabawa, wannan daban, a lokacin yana da abin da zai auna ta da shi.

In Allah ya sa ya gama da wuri ya ce a ƙaro, wanda yakan faru fiye da yadda iyaye ke tsammani, ki nemo masa Shaihu Umar ya karanta da Hausa, wannan karon ke ma ki karɓi littafin ki karanta masa wani wurin, ku kwatanta yaran biyu, ɗaya shi ya nemi tafiyar ɗaya kuma tafiyar ce ta same shi. Yawancin yaranmu na makarantun kuɗi suna jin Hausa amma karanta ta na ba su wuya, abin takaici ne, hutu ne lokacin gyara wannan. Na Turanci kuma akwai The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna ya kuma yi wani ɓangare na karatunsa nan Jos, labarin Arewa ne mai faɗa da ramuwar gayya, yara maza na son shi sosai. Amma ba duk littafin tasowar yaro ne na ɗan JSS 2 ba, kar ki ga an ce labarin yarinya ce 'yar 15 ki ɗauko. Purple Hibiscus na Chimamanda Adichie misali littafi ne mai kyau ƙwarai, amma akwai uba mai dukan iyalinsa duka na fitar hankali a ciki, ni sai SS nake ba da shi. Duk wanda za ki saya ki sa wani babba da kika yarda da shi ya leƙa tukuna.

Abu na ƙarshe, yau ɗin nan ki ciro littafin daga jakar ki bi lambobin shafin ɗaya bayan ɗaya. Bugun jabu ya cika kasuwa, musamman na bakin titi masu arha, za ki ga an tsallake shafi takwas a tsakiya ko an maimaita babi ɗaya sau biyu ko tawadar ta dushe ba ta karantuwa, yaro ya kai wurin ya rikice ya ɗauka kansa ne ba ya ja. In kin ga haka ki mayar a canza miki ko ya ari na ɗan ajinsu a yi hoton shafukan da suka ɓace, sannan ku fara babin farko gobe da safe.